Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Ciwo Biyu Masu Rikitar da Likita

A ɗauki misalin mutum biyu, ɗalibi a Samaru da ɗan kasuwa a Sabon Gari. Dukansu suna da yawan surutu, sukan katse wa mutane magana, sukan fara aiki su watsar, kuɗi kuma ba ya zama a hannunsu. Mai kallo zai ce ciwonsu ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa tambayarsa ta farko ita ce: tun yaushe?

Ɗalibin haka yake tun yana firamare. Malamansa sun sha kuka da mantuwarsa da rashin zamansa wuri ɗaya. Wannan shi ne ciwon rashin tattara hankali, wanda likitan Ingila George Still ya bayyana alamunsa ga yara a 1902. Ba ya faɗa wa baligi da rana tsaka. Littafin ƙa'idojin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ya sharɗanta a ga alamun kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta.

Ɗan kasuwar kuwa an san shi da natsuwa. Kwatsam sai ya canza: barcin awa 3 ya ishe shi, ya tashi garau, ya ciwo bashi ya sari kayan da suka fi ƙarfin jarinsa, yana jin babu kamarsa. Bayan 'yan makonni abin ya lafa. Can gaba baƙin ciki ya danne shi har ya kasa buɗe shago. Wannan shi ne ciwon hawa da saukar yanayi, mai zuwa ya wuce kamar cikar Kubanni da damina. A ƙa'ida, hawan yakan kai mako 1, ko kwana 4 idan mai sauƙi ne, saukar kuma mako 2.

Ɗalibin ma yakan kasa barci, amma shi a gajiye yake wayar gari. Bambancin ƙarami ne a ido, babba ne ga likita.

Kuskure a nan yana da tsada. Maganin ɗalibin, irin su Ritalin, yana iya tayar da ciwon ɗan kasuwar, shi kuma litiyam, wanda John Cade ya gano amfaninsa a 1949, sai da awon jini a kai a kai. Wani ma yakan haɗa ciwon biyu. A nan ana fara daidaita yanayin tukuna. Shi ya sa mai zuwa Asibitin Koyarwa na Shika ya kamata ya tafi da wanda ya san ƙuruciyarsa, har da katin sakamakonsa na firamare idan yana nan.