Atisayen Keke: Ni Kaɗai Ko Cikin Ayari?

Tambaya: Malam, ina son ƙara juriya a kan keke. In riƙa fita ni kaɗai, ko in bi ayari?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fi yawan fita kai kaɗai. A cikin ayari, na gabanka yana tare maka iska, ya rage maka kusan kashi 30 cikin 100 na wahala. Gudun zai yi daɗi, amma ƙafa ba za ta sha aiki sosai ba.

Sau biyu a mako, da sanyin safiya, ka taka da ƙarfi minti 4 har magana ta gagare ka, ka sassauta minti 3, ka maimaita sau 4. Ranar Asabar kuma ka shiga ayari, don can ake koyon doguwar tafiya da bin bayan wani ba tare da karo ba. In sun fi ka gudu, ƙyale su.