Rumbu Shi Ne Shaida: Auna Tasirin Manufofin Noma a Ƙasar Sifawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin rahotonmu na bana amsa ce ga tambayar da masu ba da gudummawa ke yawan yi mana: shirye-shiryen noma da gwamnatoci suka yi ta kawowa, shin sun rage talauci a ƙauyukanmu? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin manomin Sifawa da Bodinga da Shagari shi ne mai fitar da zakkar hatsi idan ya samu, shi ne kuma mai karɓarta idan ya rasa.

Kula da sha'anin gona ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Shehu Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Shehu Abdullahi ya wallafa littafi a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da mallakarta, Muhammadu Bello kuma, a nasiharsa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya tallafa wa manoma da masu sana'a cikin wajiban shugaba. A wurin waɗannan magabata, halin da talaka ke ciki shi ne ma'aunin mulki.

A zamaninmu manufofi sun zo bi da bi. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, da dokar mallakar ƙasa ta 1978, da shirin juyin noma na 1980 a mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki. An yi shirin Fadama da tallafin Bankin Duniya a shekarun 1990, wanda ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse. A 2012 aka soma raba taki ta wayar hannu, buhu biyu ga manomi a rabin farashi. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. A 29 ga Mayu 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, matakin da ba a kira shi manufar noma ba, amma ya taɓa duk mai injin ban-ruwa.

Galibi akan auna irin waɗannan shirye-shirye da abin da aka zuba: yawan taki, yawan taraktoci, yawan kuɗi. Wannan lissafin abin da ya shiga ne, ba na abin da ya isa gidan manomi ba. Abin da ya faru a Bakolori a 1980 ya isa wa'azi: an gina babbar madatsar ruwa, amma manoman da gonakinsu suka shiga aikin suka tashi neman diyya, har rayuka suka salwanta. Girman aiki daban, amfanin talaka daban.

Kwamitocin masallatai suna riƙe da wani ma'auni da ba shi a ofisoshi, wato littafin zakkar amfanin gona. Nisabi wasaƙi biyar ne, sa'i ɗari uku ke nan, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta da kimanin kilo 653. Ana fitar da ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, da ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi. Idan shekaru suka shuɗe gidajen da ke kai nisabi suna ƙaruwa, masu karɓa suna raguwa, to alheri ya sauka a garin. Sai dai wannan littafi yana iya ruɗar mai karanta shi ta fuskoki uku, kuma dukkansu daga fiƙihu ake gane su.

Ta farko, raguwar zakka ba kullum take nufin raguwar arziki ba. A ɗauki misalin manomin da ya girbe buhu arba'in na shinkafa: in da damina ne zakkarsa buhu huɗu, in da injin ban-ruwa ne buhu biyu. Haka nan wanda ya koma noman albasa ko tumatir a fadama: a mazhabar Imam Malik babu zakka a kan kayan lambu su kansu, sai kuɗin da aka sayar da su in ya kai nisabi kuma ya shekara. Imam Abu Hanifa ne ya wajabta zakka a kan duk abin da ake nomawa don amfani. Don haka gari yana iya bunƙasa da noman rani alhali hatsin da ke zuwa masallaci ya ragu.

Ta biyu, fitar da zakka ba kullum take nuna wadata ba. A mazhabarmu bashi ba ya kayar da zakkar hatsi. Manomin da ya ci bashin taki da iri da fetur zai fitar da zakka ranar girbi, sa'an nan masu bin bashi su kwashe saura. Sunansa yana cikin masu bayarwa da kaka, amma kafin damina ta tsaya ya shiga sahun mabarta, waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa cikin masu cin zakka. Duk shirin da ya ƙara amfanin gona ta hanyar bashi, sai an duba wannan kafin a yabe shi.

Ta uku, rashin kai nisabi ba kullum yake nufin yunwa ba. Gero da dawa da shinkafa kowane jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi. Mai wasaƙi uku na gero da uku na dawa babu zakka a kansa, alhali rumbunsa ya fi na mai wasaƙi biyar na gero kaɗai.

Saboda haka muna roƙon kowane kwamiti ya ƙara tambayoyi huɗu a littafinsa, ya riƙa rubuta amsarsu kowace shekara, gida gida, cikin sirri da mutunta mutane. A wane wata hatsin gidan ya ƙare? Nawa aka sayar da kaka, lokacin arha, don biyan bashi? Gonar tana hannun mai ita, ko an jinginar da ita, ko an sayar? Mutum nawa suka tafi cin rani, kuma sun dawo kafin shuka? A rubuta kuma yadda damina ta kasance, da ambaliya ko fari ko rashin tsaro in an samu, don kada a yaba wa wata manufa a kan ruwan da Allah Ya saukar, ko a zarge ta a kan wanda Ya riƙe. Shekara guda ba ta isa hukunci ba, amma shekara biyar a jere sukan nuna inda gari ya dosa.

Amfanin wannan rubutu yana komawa ga aikinmu. Inda aka ga hatsi yana ƙarewa tun kafin shuka, sai a tanadi wani kaso na rabo har zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau, magidanci kuma ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. A nemi fatawar malamai a kan yadda za a tsara hakan, domin asalin zakka a gaggauta isar da ita ga masu ita. Inda aka ga bashi ne ke cinye girbi, sai a duba kason mabarta. Inda kuma matsalar ta kayan aiki ce, kamar rijiya da injin ban-ruwa mai amfani da hasken rana da rumbun ajiya na gari, to wannan fagen waƙafi ne, domin zakka ana mallaka ta ne ga waɗanda Allah Ya ambata, shi kuwa waƙafi ana tsare asalinsa, jama'a su ci gajiyarsa.

Ya ku masu bayarwa, dukiyar da kuka damƙa mana amana ce, kuma ba a sauke amana da zato. Gwamnati takan zo da shirinta ta wuce, amma liman da mai unguwa da kwamitin masallaci suna nan, sun san gidan da aka ɗora tukunya da wanda ba a ɗora ba. Burinmu shi ne wanda ya karɓa bana ya zama mai bayarwa nan gaba, gonarsa tana hannunsa, ba bashi a wuyansa. Idan littattafanmu suka nuna haka, mun samu hujjar yabo. Idan suka nuna akasin haka, mun samu hujjar yi wa hukuma nasiha da ilimi da ladabi.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu, Ya karɓi zakkarmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah ne Mafi sani.