Gicciye Mai Zobe na Ƙasar Ailan

Karatu: 1 Korantiyawa 1:18-25

A ƙasar Ailan da Sikotlan akwai manyan gicciye na dutse, da zobe kewaye da mahaɗar hannuwansu. Na Monasterboice, wanda ake ce da shi gicciyen Muiredach, tsawonsa wajen ƙafa 19 ne. An sassaƙa shi cikin ƙarni na 10, da siffar Adamu da Hawwa'u, Kayinu da Habila, Dawuda da Goliyat, da Ubangijinmu bisa gicciye. Littattafai kaɗan ne a zamanin nan, dutsen kuwa ya zama littafin marasa karatu.

Zoben fa? Waɗansu sun ce rana ce, waɗansu rawanin nasara. Yana kuma tallafar dutsen: a tsibirin Iona, inda Kolumba ya sauka a 563, gicciyen Yohanna ya karye, sai aka ƙara masa zobe. Mu dai mun fi karkata ga rawanin, gama bisa gicciye ne Kristi ya ci nasara.

Amma sai mu yi hankali, 'yan'uwa. Wanda ya rataya irin wannan gicciye a wuyan ɗansa domin tsari daga mayu, ina bambancinsa da mai laya? Ku tattauna wannan, kuna duban aya ta 18.