Yadda Ake Ceton Jakar Ƙwai Bayan Dashe

Tunkiya, irin wadda ake ja da igiya ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ita ta fara buɗe wa mata ƙofar dashen jakar ƙwai. A 1994, a birnin Edinburgh na Birtaniya, Roger Gosden da abokan aikinsa suka yanki jakar ƙwan tumaki, suka daskarar da ita, daga baya suka mayar, sai ga tunkiya da ciki har ta haihu. A 2004 aka sami mace ta farko da ta haihu ta wannan hanya a Brussels ta Beljiyam.

Sai dai asarar da ake tafkawa ba kaɗan ba ce. Yankin da aka dasa ba a ɗinke shi da jijiyar jini, haka zai zauna yana jiran sababbin jijiyoyi su tsiro, wajen kwana 5 a naman ɗan Adam. Cikin wannan ƙishin jini, da kuma sa'ad da jinin ya kwararo, iskar oksijin takan haifar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin garma. A tumakin Edinburgh, kusan biyu bisa uku na ƙananan ƙwai a nan suka salwanta, daskarewa kuwa kaɗan ta kashe.

Shi ya sa masana suka koma kan ɓeraye. Da farko sai a zaɓi mata 'yan tsara, a raba su kashi-kashi. A yi wa ɓera allurar barci, a aske bayanta, a yi 'yar tsaga, a ciro jakar ƙwan, a share kitsen da ke jikinta cikin ruwan gishiri mai sanyi. Daga nan a cusa ta cikin tsokar baya, ko ƙarƙashin tantanin ƙoda, inda jini ya wadata. Aiki ne mai son hannu marar rawa, domin jakar ba ta wuce ƙwayar dawa ba.

Sannan magani. Kashi ɗaya a ba shi abin da ke kashe gubar waɗannan sinadarai, kamar bitamin E, ko melatonin, ko N-acetylcysteine, ta allura ko cikin ruwan sha, tun daga ranar tiyata ko kafin ta. Ɗayan kashin ruwan gishiri kawai zai samu, don a sami abin kwatance. Bayan mako ɗaya zuwa huɗu a ciro dashen, a yanka shi siriri, a rina, a ƙirga ƙwai masu rai ƙarƙashin madubin likita. A 1998 ayarin Gosden ya nuna bitamin E yana ƙara yawan waɗanda ke tsira.

Nasarar ɓera dai ba ta zama magani ga mutum ba tukuna, kada wata ta ruga kemis. Amma adana jakar ƙwai ya tabbata, kuma ya shafi duk ƙasar da sikila ta yi wa katutu. A 2014 wata 'yar asalin Kwango mai sikila ta haihu a Beljiyam da jakar ƙwan da aka adana mata tana shekara 13, kafin a yi mata dashen ɓargo. Iyayen da za su kai 'yarsu dashen ɓargo ko maganin kansa, su tambayi likita batun adana jakar ƙwanta tun ba a fara ba ta magani ba.