Kumburin Bayan Gwiwa: Kada a Yi Masa Sakiya

A aikina na tiyatar jijiyoyin jini akwai wata cuta da ba kasafai muke gani ba, amma tana iya kayar da mai ƙoshin lafiya farat ɗaya. Babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya ta bayan gwiwa take ratsawa. Wani lokaci bangonta kan yi rauni a wuri guda, ya buɗe ya zama 'yar jaka. Likitoci na ce mata anurizim, kuma a 1968 ne wasu likitoci biyu, May da Nissl, suka fara rubuta bayanin irin wannan ta bayan gwiwa.

Da wuya jakar ta fashe. Abin tsoro shi ne jinin da ke kwanciya a ciki har ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle, sai ya wuce zuciya ya toshe jijiyar huhu. Da yawa ba su san suna da ita ba sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗauki suka, ko su yanke jiki su faɗi.

Wasu kan ga kumburi mai taushi, ya cika idan sun tsaya, ya saɓe idan sun kwanta sun ɗaga ƙafa. Don Allah kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ƙaho, kada kuma wani ya soka allura da zaton ruwa ne. A je a yi sikanin, kuma a tsaye, domin a kwance jakar na iya lafewa ta ɓuya.

Maganin tsinka jini kaɗai bai isa ba, musamman ga wanda gudan ya taɓa kaiwa huhunsa. Tiyata ce. Mukan kwantar da mara lafiya rub da ciki, mu yi yanka mai lanƙwasa a bayan gwiwa, mu kauce wa jijiyar motsi da ke kwance kusa. Sai mu matse wuyan jakar, mu yanke ta, mu kwashe daskararren jini, mu ɗinke gefen jijiyar da zare mai sirantaka kamar gashi. Idan duk jijiyar ce ta kumbura, mukan cire wurin mu haɗa bakunan, ko mu yi gada da wata jijiyar daga jikinsa. Bayan nan zai sha maganin tsinka jini na aƙalla wata 3, ya riƙa sa safa mai matse ƙafa.

Abokan aikina kuwa, idan gudan jini ya toshe huhun mutum ba tare da wani dalili ba, a duba bayan gwiwoyinsa biyu kafin a sallame shi.