Yadda Ake Gina Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Tsakar Gida, a Tuƙa Shi da Waya, a Ɗauke Shi Bidiyo

Ƙaramin jirgin ƙasa na tsakar gida jirgi ne mai aiki da lantarki wanda ake shimfiɗa wa dogo a waje, ya riƙa zagayawa tsakanin shuke-shuke yana jan taragunsa. A Jamus, Ingila da Amurka tsohuwar sha'awa ce ta manya da yara. Wannan darasi zai nuna yadda mazaunin Palladan, Samaru ko Sabon Gari zai haɗa irinsa da kayan da ake samu a kusa, da yadda zai kare shi daga ƙura, rana da ruwan sama. Wanda ya yi lissafi kafin sayen kaya zai tsira da kuɗinsa. Wanda ya yi gaggawa kuwa, damina ɗaya ta isa ta watsa masa aikin wata uku.

Zariya da layin dogo

Mai wannan aiki a Zariya ba sai ya kwaikwayi jiragen Turai ba. Dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma a gefen tashar jirgin ne Sabon Gari ya bunƙasa. Daga Zariya aka ja siririn layin da ya isa Bukuru a 1914 domin jigilar kuza daga Jos, wanda aka rufe a 1957. Daga nan kuma aka ja layin Gusau da ya kai Ƙaura Namoda a 1929. A yau Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1986, tana kan hanyar Basawa, ga kuma tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ɗalibin da ya haɗa ƙaramin jirgi da hannunsa zai taɓa lissafin gangara, kwana, lantarki da rubuta manhaja a aiki guda.

Mataki na 1: Zaɓen faɗin dogo da ma'auni

Faɗin dogo shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi ke takawa. Wanda ya fi yaɗuwa a jiragen waje shi ne milimita 45, musamman tun da kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da jiragen LGB a 1968. Ƙananan jiragen cikin ɗaki masu faɗin milimita 16.5 ba su dace da tsakar gida ba, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya tana iya kayar da su.

Ana gano ma'aunin ƙanƙantawa ta hanyar raba faɗin dogon gaske da 45:

Tsohon dogon Nijeriya, milimita 1,067: ya ba da kusan 24, wato 1:24.
Sabon dogo irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435: ya ba da kusan 32, wato 1:32.
Tsohon layin Zariya zuwa Bukuru, milimita 762: ya ba da kusan 17, wato 1:17.

Ga mai farawa, 1:24 ya fi sauƙi. Duk abin da za a ƙera, a auna na gaskiyar a raba da 24. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma santimita 7, ƙofa mai mita 2 za ta koma kusan santimita 8. A tsaya a kan ma'auni ɗaya tun daga jirgi har zuwa rumfar mai shayin tasha, don kada abin ya fito bambaraƙwai a bidiyo.

Mataki na 2: Fili da harsashi

Fili mai mita 4 a tsaye da mita 3 a kwance ya isa zagaye ɗaya mai siffar ƙwai. A sa kowace kwana ta zama rabin da'ira mai nisan mita 1.2 daga tsakiya, a haɗa su da miƙaƙƙun layuka biyu masu mita 1.2 kowanne. Jimillar dogon za ta kusa mita 10. Jiragen LGB na iya shan kwana mai santimita 60, amma dogon da aka lanƙwasa da hannu ba ya kai na kamfani daidaito, don haka a ba shi sarari.

Dokoki uku ne a nan. Na farko, kada hawa ya wuce santimita 2 a kowace mita. Idan ya wuce, ƙafafun kan jirgi za su riƙa sulɓewa. Na biyu, kada ƙarfe ɗaya ya fi ɗan uwansa tudu. A riƙa dubawa da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki. Na uku, a ɗaga dogon sama da ƙasa da bulo ɗaya. Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma tsakar gida ce ke karɓar duk abin da indararo ya zubo. Kafin a aza bulo ko ɗaya, a lura da hanyar da ruwa ke bi ya fita ta rariya. Inda layin ya gitta wannan hanya, a binne guntun bututun roba ko a yi 'yar gada.

A jera bulo layi biyu, a cika tsakani da jar ƙasa a daddaɓe ta, sannan a zuba ƙananan tsakuwa masu kaifi a sama. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta riƙe dogo. A kuma nesanta layin daga ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, saboda ganye da 'ya'yan da suke zubarwa.

Mataki na 3: Dogon kansa

Akwai dogon tagulla da ake odarsa daga waje, amma yana da tsada. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuwa wurin masu haɗa tagogin alminiyom ya sayi siriri mai faɗi, kauri milimita 3, tsayi kamar milimita 10, ya tsayar da shi a gefensa cikin tsagin da aka yanka a 'yan sandunan giciye. Sandunan a yanka su daga allon roba, santimita 9 kowanne, a jera su da tazarar santimita 5. Mita 10 za ta ci guda 200. Katako kuwa gara za ta cinye shi kafin a ankara. A yanka ɗan ma'auni mai tsagi biyu da ke da milimita 45 daidai a tsakaninsu, a riƙa bin dogon da shi taku bayan taku.

Sai batun zafi. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗumama. Tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar watan Afrilu, zafin ƙarfen da ke waje na iya bambanta da digiri 40. A irin wannan bambanci, mita 10 ta tagulla na ƙaruwa da kusan milimita 8, ta alminiyom kuma kusan milimita 9. Idan babu wurin miƙewa, dogon zai karkace. Saboda haka a bar tazarar milimita 1 a mahaɗar kowace mita, kuma kada a ɗaure dogon tamau da siminti. A bar shi ya kwanta cikin tsakuwa, kamar na gaske.

Mataki na 4: Wuta da sarrafawa

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a tura wuta mara ƙarfi, ƙasa da volt 24, ta cikin dogon, ƙafafun jirgin su ɗauka. Wannan na bukatar dogo mai tsabta kullum, abin da ƙurar hunturu ba za ta bari ba, ga kuma ɗauke wuta. Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa da nan, ita ce a sa batir a cikin jirgin. Kayan da ake bukata:

Ƙaramin moton lantarki mai volt 12 wanda ke haɗe da giyarsa.
Batiran 18650 guda 3 a jere, waɗanda ke ba da volt 11.1, ko 12.6 idan sun cika.
Allon kariyar batir na gida uku, da caja mai volt 12.6.
Allon ESP32, mai ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth.
Allon tuƙa moto, kamar L298N ko TB6612FNG.
Allon rage wuta zuwa volt 5, kamar LM2596, don ciyar da ESP32.
Fis mai amfiya 2 da makunni.

Yadda abin ke aiki: waya na aika umarni zuwa ESP32, shi kuma ya gaya wa allon tuƙi ko gaba za a yi ko baya. Gudu kuwa ana sarrafa shi ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai a sakan ɗaya. Gwargwadon daɗewar da take a kunne, gwargwadon saurin moton. A manhajar da za a rubuta a Arduino IDE, a sa abu biyu: gudun ya riƙa hawa a hankali cikin sakan 4 ko 5, kuma jirgin ya tsaya da kansa idan ya yi sakan 2 bai ji daga waya ba.

Batiran da ke da ƙarfin 2,500mAh, idan moto na jan rabin amfiya, lissafi ya ba su awa 5. A aikace a sa ran awa 3 zuwa 4. Batirin lithiyom na iya kamawa da wuta. Kada a caja shi ba tare da allon kariya ba, kada a caja shi a rana ko yana da zafi, kuma duk wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage a rabu da shi. Waya mai ɗauke da wutar gida kada ta taɓa shiga filin dogo, musamman inda yara ke wasa.

Mataki na 5: Tuƙi

Kuskuren masu farawa shi ne gudu. Jirgin gaske mai tafiyar kilomita 40 a awa, idan aka raba da 24, ya zama kusan santimita 46 a sakan. Ke nan a zagaye mai mita 10, jirgin ya kamata ya ɗauki kamar sakan 22. A gwada da agogon waya. A fara da kan jirgi shi kaɗai, zagaye 10 gaba, 10 baya, kafin a ƙara taragu ɗaya bayan ɗaya. Taragu masu nauyi su kasance kusa da kan jirgi, marasa nauyi a baya. Idan aka juya tsarin, marasa nauyin za su faɗo ta cikin kwana. Idan jirgi na yawan sauka a wuri ɗaya, laifin dogo ne. Idan tarago ɗaya ne ke sauka a wurare daban-daban, laifin ƙafafunsa ne.

Mataki na 6: Ɗaukar bidiyo da waya

Sirrin farko shi ne tsayin kyamara. Idon mutum na kusan mita 1.6 daga ƙasa. A ma'aunin 1:24 wannan ya zama santimita 7. A kifa wayar ta yadda kyamararta za ta koma ƙasa, a jingina ta da ƙaramin buhun yashi a gefen dogo. Bidiyon da aka ɗauka a tsaye daga sama kullum kayan wasa yake nunawa.

A danna allon wayar a riƙe a kan wurin da jirgin zai wuce har saitin gani da haske su kulle, don kada hoton ya riƙa dushewa yana dawowa. A bar wayar a wuri ɗaya, jirgi ya shigo ya fita. Hasken safe zuwa ƙarfe 9 da na bayan la'asar sun fi kyau, kuma hazon hunturu na tausasa haske ya ɓoye abin da ke nesa. A duba bayan jirgin: bokiti, igiyar shanya ko kaza ɗaya sun isa su tona asiri.

Don jirgin ya nuna nauyi, a ɗauka a kan hotuna 60 a sakan, a mayar da shi 30 wajen tacewa a CapCut ko makamancinta. Tun da hakan na raba gudun biyu, a tuƙa jirgin ya yi zagaye cikin sakan 11 lokacin ɗauka. Idan da dare ne ƙarƙashin fitilar wutar gida, a zaɓi 25 ko 50 idan wayar na da su, domin wutar Nijeriya na kaɗawa sau 50 a sakan, kuma saɓanin haka na iya jawo ƙyaftawa a hoto. Don ɗaukar gaba kamar daga kujerar direba, a ɗaure waya da roba a kan buɗaɗɗen tarago, a sa soso a ƙarƙashinta, kan jirgi ya tura shi daga baya. Sautin jirgin gaske ana iya naɗarsa daga nesa da dogo. Ba a hawa layin jirgi don neman hoto ko sauti.

Mataki na 7: Kulawa

Kafin kowane tuƙi: a zagaya layin a share ganye, tsakuwa da kashin awaki, a leƙa cikin bututu ko rami saboda ƙadangare da kunama.

Bayan tuƙi: a kashe makunni, a shigar da jirgi da taragu ɗaki cikin akwati mai murfi. Rana na cinye roba da fenti.

A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: a kaɗe ƙura da burushin fenti mai laushi. A taƙaita mai, domin mai da ƙura idan sun haɗu suna zama kamar yashi a cikin giya. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin sandar ƙafa ya isa. Giyar roba a sa mata man silikon, ba man injin mota ba.

A bazara: a duba mahaɗai da tsakar rana, idan tazarar ta rufe gaba ɗaya, a rage ƙarfen kaɗan.

A damina: bayan kowane ruwa mai ƙarfi a sake auna daidaito, a cike tsakuwar da ta zube, a cire ciyawa tun tana ƙarama.

Idan za a daɗe ba a tuƙa ba, a ajiye batir da rabin caji a wuri mai sanyi.

Inda za a fara

Kada a fara da mita 10. A haɗa miƙaƙƙen dogo mai mita 2 a kan bulo, da kan jirgi ɗaya, a bar dogon a waje mako biyu ana gwada shi safe da rana. Abin da ya karkace ko ya kwance a wannan gwaji shi ne za a gyara kafin a sayi sauran kaya. Lokaci mafi dacewa da aza harsashi shi ne ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi kuma hanyar da ruwa ya bi a tsakar gida ba ta ɓace ba.