Kayan Ritaya da Kwastam: Hattara da Saƙon Mutane

Kowace shekara akwai dattawan da ke ajiye aiki su canja ƙasa. Wani ya shekara talatin yana aiki a Landan ko Jidda zai dawo Kano, wani kuma zai bi 'ya'yansa zuwa Ingila. Dukansu ba sa son rabuwa da gado da firji da littattafan da suka tara, sai su ɗauki kwantena. Yawan kayan da ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can ne ya sa ya wajaba a yi wannan jan kunne.

Doka ta yi wa irin waɗannan dattawa rangwame. Ɗan Najeriyar da ya zauna waje aƙalla wata 9 yana iya shigo da kayan gidansa da ya riga ya yi amfani da su ba tare da kuɗin fito ba, in ya cike takardar bayyana kaya. Ingila ma tana da irin wannan sassauci, ga wanda ya yi wata 12 a wajenta kuma ya mallaki kayan wata 6, da sharaɗin ba zai sayar da su ba sai bayan shekara. Ko'ina dai sharaɗin ɗaya ne: kayan su zama na mai su, na amfaninsa, ba na kasuwa ba.

Babban abin hattara shi ne saƙo. Da zarar an ji Alhaji zai yi lodi, sai maƙwabta da abokan aiki su yi ta sallama. Wannan ya kawo kwali a ɗaure, wancan akwati a kulle, kowa na cewa, "Baba, a taimaka a miƙa wa mutanen gida." Alhaji ya ji kunya ya karɓa bai buɗe ba. To, sunan wa ke kan takardar lodi? Nasa. Misalinsa kamar makiyayi ne da ya kora shanunsa zuwa kara, wani ya tare shi a hanya ya roƙe shi ya haɗa da saniya ɗaya. Ta shiga garke, ta yi kiwo da su, ta sha ruwa da su. Ranar da masu cigiya suka gane shaidarta a kasuwa, mai roƙon ya daɗe da ɓacewa, mai riƙe da sanda shi ne ɓarawo.

Kada wani ya ce ai furfura za ta cece shi. A watan Janairun 2017 jami'an kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas, an ɓoye su cikin kwantena tare da ƙofofin ƙarfe. Jami'in da ya ga irin wannan ba zai yarda da rantsuwar kowa ba. A ƙarshen 2018 kuma an tsare wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya, ƙasar da ke yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, saboda wata jaka mai tiramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi. Sai da ta yi kusan wata 4 a tsare kafin gaskiya ta fito. Ita ba ta ma san da jakar ba. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Dattijon da ya ɗauki abin da bai gani ba ya yi sakaci, kuma wanda ya cusa sababbin kayan sayarwa ya rubuta "kayan gida" ya yi ha'inci, abin da addini ya haramta ƙarara.

Sauran abubuwan kiyayewa a taƙaice suke. A Najeriya mota ba ta cikin rangwame, sai an biya mata kuɗin fito. Mai sitiyari a dama haramtacciya ce, kuma a ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. Kwantenar da ta daɗe a tasha tana tara kuɗin ajiya kullum, in aka yi banza da ita a yi gwanjonta. A nemi ejan mai lasisin kwastam, a karɓi rasit.

Saboda haka duk mai shirin ƙaura ya buɗe kowane kwali da idonsa, ya rubuta abin da ke ciki, ya riƙe kwafin jerin a aljihunsa. Wanda ya ƙi a buɗe saƙonsa, a mayar masa da abinsa tun kafin a rufe kwantena.